'Yan Matan da Suka Ɗinke Kumatuna

A guntun madubin Inna na fara ganinsa: wani jan nama sabo, mai laushi, yana leƙowa daga bakin raunin da lauje ya yi mini a kumatu ranar yankan riɗi a Basunda. Na tabbata ramin nan zai zauna har abada, kuma babu saurayin da zai taɓa tsayawa a ƙofarmu saboda ni.

Bayan magariba Habboba, kakarmu, ta zauna a rakuba, rumfar tsakar gida, tana soya bunnin jabana, gahawarmu, a kan garwashi. Ta ga ina ɓoye fuska, ta ce in matso, ga wata tatsuniya nan tafe.

Wai an yi wata yarinya, ƙwayar gero ta fi ta girma, tana zaune cikin katangar wani birni. Katanga ta tsage, ita kaɗai ba za ta iya toshewa ba. Sai ta kwance zarurrukan da ta gada, ta kaɗa wa kowanne ɗan'uwansa sak, ta jera su a tsakiyar tabarma. Ta ja rabi gabas, rabi yamma, ta ɗaure ƙugunta tamau har ta tsinke ta zama biyu. Biyun ma suka yi haka. Ba su daina ba sai da kafaɗa ta taɓa kafaɗa.

Na tambaye ta wacce ce ta ainihin.

"Duka biyun, ya bitti, 'yata. Yanzu haka suna cikin kumatunki suna aiki. Ki daina sosa musu gini."

Daɗi ya hana ni zama. Kowace safiya ina gaban madubi ina yi musu sannu da aiki.

A sakandaren Gadarif, muna sanye da yunifom mai zanen soja, ustaza ta zana ƙwayar halitta a allo: zaren da ake gada daga iyaye ya ninku, ya jeru a tsakiya, ya rabu daidai, ɗaya ta zama biyu. Da haka jiki ke girma, da haka rauni ke rufewa. Saura kaɗan in yi guɗa a aji!

Habboba ta tsufa sosai, wani gyambo a ƙafarta ya daɗe bai rufe ba. Ta ce nata 'yan matan sai sun sha jabana suke fara aiki. Sun dai gama. Da ƙafarta ta tako ranar lallena, ta lalubi tabon kumatuna da yatsa, ta rasa inda yake.