Ranar da Tonika Ta Juya Shinkafa

Goggo Tonika ta daɗe tana dafa wa yaran firamaren garinmu abinci, a nan gefen birnin Balensiya, har ta ciyar da waɗansu ta kuma ciyar da 'ya'yansu. Duk wanda ya ci daga hannunta ya san ba a cin abinci a tsaye. In ta kama ka da burodi a hannu kana tafiya, sai ta nuna ka da ludayi ta ce, “Kai doki ne?”

Kofi da madarar sassafe ba ta ƙirga shi a abinci, buɗe ido take ce masa. Abinci yana farawa ne goma da rabi, lokacin da maza ke ajiye aiki su nufi shago su ci dogon burodi cike da ƙwai, da gyaɗa da zaitun a gefe. Biyu da rabi kuwa ba ta wasa da ita. A rufe kanti, a zauna, a ci, a ci gaba da zama ana surutu har kofi ya huce. Na dare sai wajen goma. Ta taɓa kai wa 'yarta ziyara a Jamus aka ajiye mata abincin dare ƙarfe shida, ga rana a sama. Da ta dawo ta yi wata guda tana ba da labari, kamar wadda ta ga masu tafiya da ka.

Mijinta Batiste tsohon direban motar lemo ne. Duk tsawon mako bai san inda ake ajiye gishiri ba, amma ran Lahadi shinkafa tasa ce. A tsakar gida yake hura itacen lemo, ya ɗora faffaɗan kaskon nan mai kunne biyu, ya soya kaza da zomo da wake, ya zuba ruwa, ya baza shinkafa. Daga nan ba mai sake taɓa ta. Ko inuwar cokali ya gani ta doshi kaskon, sai an ji muryarsa a ƙarshen layi.

Abokin cinsa na goma da rabi shi ne Nelo, maƙwabcinsu. Tun suna samari tebur ɗaya suke zama, suna musun ƙwallo.

Sai ruwan ambaliyar nan ya zo. Har yau in aka ji yayyafi a kan rufi, hira takan tsaya a garinmu. A ranar ko ɗigo bai sauka a kanmu ba, daga kan duwatsu ya gangaro da yamma, ya cika tituna kafin mutum ya sa takalmi. Nelo ya sauka ƙarƙashin gini, inda ake ajiye motoci, don ya fitar da motarsa. Batiste yana tsaye a baranda ya gan shi. Nelo bai hawo ba.

Tun daga washegari Batiste ya ɗauki shebur. Ya kwashe lakar gidansu, ya shiga na Nelo, ya wuce na gaba, ya shiga har gidan mutanen da ba ya gaisawa da su. Bai ƙara zama ba. Goma da rabi ta yi ta wuce, biyu da rabi ta yi ta wuce, shi dai yana sunkuye. Ga shi da ciwon suga. Tonika ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka. Ta cusa masa burodi a aljihu da safe, da yamma ta tarar da shi yadda ta sa, sai dai ya jiƙe. Ran Asabar ta hango shi ya dafa bango, idonsa a rufe. Nan ta san in ta yi sake, ruwan nan bai gama ɗauke mata mutane ba.

Ran Lahadi ta sa ɗaliban da suka zo taimako daga birni suka sauko mata da kaskon, wanda ya tsira don a sama yake rataye. An kawo kaji da shinkafa da ruwan gora cikin kayan agaji. Ta ce a hura wuta a tsakiyar titi, daidai inda Batiste ke aiki. Bai ko ɗago ba.

Ta soya nama, ta zuba ruwa, ta juye shinkafa. Sannan ta kama ludayi da hannu biyu ta shiga juyawa. Juyi na gaske, tana kankarar gindin kaskon yadda duk layin zai ji.

Tsohuwa Fina maƙwabciyarsu ta leƙo ta tagar bene. “Tonika! Lafiyarki kuwa? Shinkafa kike juyawa?”

“Ni da kaskona. Kai yaro, duba min ko akwai albasa a buhun can.”

“Albasa!” in ji Fina, ta dafe ƙirji, don a garinmu ba a sa albasa a wannan shinkafar.

Ƙarar shebur ta tsaya.

“Me kike yi haka?” Muryar Batiste ta dishe, don ya kwana biyu bai yi amfani da ita ba.

“Girki nake, tsoho. Koma kan lakarka.”

“Wannan girki ne? Kunu kike damawa.”

“To masu iyawar sun yi ritaya. Ko kunu ne yaran nan za su sha.”

Ta ƙara ba shinkafar wani juyin. Batiste ya yar da shebur.

“Ba ni nan! Ke ko tsoron Allah ba kya yi? Kaskon ubana!”

Ya wanke hannu, ya fizge ludayin, ya baje shinkafar a hankali har ta kwanta daidai. Ya durƙusa ya janye itace biyu. Ya ɗebi romo ya hura ya kurɓa. Tonika ta kau da kai don kada ya ga fuskarta.

“Ba gishiri,” ya ce. Ya barbaɗa, ya sake kurɓa.

Da ta nuna ya sauke, ya rufe ta ta huta, ya juya zai koma wajen sheburinsa. Ɗalibai sun riga sun ɗora wata ɓallalliyar ƙofa a kan akwatunan lemo, sun kewaye ta, kowa da cokalinsa.

“Ina zuwa?” in ji Tonika.

“Ku ci. Ba na jin yunwa.”

“Ba mai sa cokali sai mai girki ya zauna. Dube su. Tun asuba suke kwasar laka a garin da ba nasu ba. Bar su da yunwa, in ka iya.”

Wata yarinya mai tabarau ta ce, “Baba, don Allah. Cikina har magana yake.”

Ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Aka tura masa akwati. Ya zauna da nishi, kamar an sauke buhu.

Aka ci daga cikin kaskon, kowa daga gabansa. Loma ta farko da ƙyar ta wuce masa. Ta biyu ta bi ta. Tonika ta riƙa turo tsokar nama gefensa a sace, shi kuma ya yi kamar bai gani ba. Da aka iso ƙanzo ya kankaro, ya tsaya yana kallon cokalin.

“Na ga Nelo zai sauka,” ya ce. “Ban ce masa kada ka je ba, Tonika. Cewa na yi, yi maza.”

Tonika ta ajiye cokalinta.

“Da ka hana shi, da ya ji?” ta ce a hankali. “Mutumin da tun kuna samari bai taɓa yarda da maganarka ba, ko a kan ƙwallo?”

Ya yi wani sauti, rabi dariya rabi kuka, ya rufe fuska da hannu. Ba wanda ya tashi. Fina ta sauko da kofi a buta, wani ya ɓare lemo. Aikin laka yana nan yana jira, aka bar shi ya jira. Can Batiste ya share ido, ya miƙa hannu aka ba shi kofi.

“Me za a ci da dare?” ya tambaya.

“Ji min mutum! Na rana bai gama sauka ba.”

“Ki yi ƙwai da dankali,” ya ce. “Shi kam kin iya.”