Fitilar Rumfar Hamma

Yayana, wanda duk gidanmu ke kira Hamma, ɗinkin hula yake yi da hannu, kuma da allurar nan ya ciyar da mu tun rasuwar mahaifinmu. Da idonsa ya fara gajiya, sai ya sayo wata ƙatuwar fitila irin ta gidajen mai, ya sa aka maƙala masa a rufin rumfarsa. Ni kuwa na ja kaskon awarata kusa, na ci arzikin hasken kyauta.

Fitilar nan akwai jan aji. In an kunna ta sai ta fara da ja-ja, ta koma shuɗi-shuɗi, sai ta ga dama take yin fari ƙal. Mai gyaran wutar da ya haɗa ta, wani mutumin garin Muchalla, ya yi min bayani yana cin awara. Ya ce cikin ƙwan akwai ɗan bututu mai iskar gas da gishirin ƙarfe. Wuta ba ta iya ratsa iskar sai wani akwati ya harba mata tartsatsi mai ƙarfin gaske ya buɗe hanya, sannan zafi ya narkar da gishirin haske ya cika.

"Amma Adda, in ya mutu da zafi, ku bar shi," in ji shi. "Iska ya cika ya matse, tartsatsi ba zai wuce ba sai ya huce. Akwatin kuma yana ta harbawa."

Hamma ya tafi masallaci lokacin. Da na faɗa masa sai ya yi dariya, wai yaushe mai awara ta zama injiniya.

Wata yamma hadari ya haɗo, gari ya yi duhu tun kafin magariba. Hamma yana tsaka da ɗinkin hular wani ango aka ɗauke wuta, aka dawo da ita nan take. Ƙwayayen maƙwabta duk suka kama, tamu ta yi shiru, sai ƙarar akwatin kaɗai, kas-kas-kas.

A Mubi in ƙwai ya ƙi kamawa magani ɗaya muka sani, a hau a ɗan murɗa shi. Na juya awara ke nan, na ɗago, sai ga Hamma bisa teburi.

"Hamma, sauko! Hucewa take yi!"

"Ke dai duba kaskonki."

Ya kama wuyan ƙwan. Na ji wata ƙara, na ga mutum mai nauyin Hamma ya yi sama ya faɗo kan benci. Ina tsaye da matsami a hannu, mai na ƙonewa. Sai da maƙwabta suka kashe wutar suka ɗauke shi zuwa asibiti na iya kuka.

Ya rayu, alhamdu lillahi. Fitilar kuwa lafiyarta ƙalau, da aka kunna ta washegari ta kama abinta, kuma wannan ya fi komai ba ni haushi.

Ranar da aka kwance masa bandeji ina zaune gefensa. Babban yatsansa da manuni, waɗanda yake riƙe allura da su, sun ƙanƙance, fatar ta yi fari. Ya daɗe yana ƙoƙarin haɗa su, sun ƙi taɓa juna. Bai dube ni ba ya ce, "Ki aika a gaya wa angon ya nemi wani."