Madarar Udubo da zazzaɓin Hanifa

Wata biyar ban ce uffan ba a nan. Masu tambayar ina na shiga, jinyar 'yata Hanifa nake, kuma har yau raina a ɓace yake.

Shekararta huɗu. Zazzaɓi ya rufe ta, ta jiƙe sharkaf da gumi, bayan kwana uku ya sauka. Sati biyu ya dawo.

Mai kemis ɗin layinmu a Azare ko goshinta bai taɓa ba. "Maman Hanifa, maleriya ce da taifot." Allura. Ya dawo, allura. Sau shida! Bai taɓa cewa a gwada jini ba, wai shi dakta. Ni kuma sakarya ina danne masa yarinya, ina godiya.

Ta rame, gwiwoyinta suna ciwo. Inna, mahaifiyar maigidana, wadda dama take aiko mana da madarar shanunta daga Udubo, ɗanya, ta ƙara yawanta, wai don yarinyar ta mayar da jiki. Da hannuna nake ɗura mata.

Ranar da ta kasa tsayuwa muka tafi asibiti, aka ba mu gado. Gwajin maleriya, babu. Fitsari, hoton ƙirji, babu. Keken ɗinkina ya tafi a gwaje-gwaje. Wallahi na fara cire rai.

Kwana na huɗu wata likita ta zauna ta tambaye ni me yarinyar take ci, me take sha. Ina cewa madara ta juya wajen Inna, da ke zaune gefen gadon.

"Hajiya, shanunku suna ɓari?"

Inna ta ce, "Uku bana. Bakkale ne, ciwon shanu."

Likitar ta ce, "Yana kama mutum, ta madarar da ba a dafa ba."

Tambaya ɗaya fa, jama'a! Ita ce wancan mutumin ya kasa yi wata uku.

Jini ya tabbatar. Magani sati shida, ba fashi. Yanzu Hanifa har gudu take, alhamdulillahi. Allah ya saka wa likitar nan da duk wanda ya yi mana addu'a.

Iyaye, don Allah, zazzaɓin da ya tafi ya dawo ba na kemis ba ne. A je asibiti a gwada. Madara kuwa a tafasa, ko daga hannun wa ta fito.

Inna ta ƙaurace wa gidanmu tun da aka sallame mu, kunya ta hana ta. Jiya ta zo da ƙwaryar madararta, ko zama ba ta yi ba ta wuce murhu. Can ta kira ni.

"Zo ki duba. Ta tafasa haka, ko in ƙara wuta?"