Ranar da na hana wanzami buɗe zabira

Shekarun baya, tun zamanin Turawa, matata ta yi haihuwar fari a ƙauyenmu da ke bayan Minjibir. Ina gona ina cirar gyaɗa aka aiko mini. Kafin in kai gida na gaya wa duk wanda na gamu da shi cewa namiji na samu, alhali ba wanda ya faɗa mini haka. Ƙuruciya dangin hauka.

Na tarar da gida shiru, babu guɗa. Mahaifiyata ta ja ni bayan rumbu.

"Inna, me aka samu?"

"An samu rai," in ji ta. "Sauran sai Allah."

Ungozoma ce ta fito mini fili. Halittar jaririn ba ta tsaya ga ta maza ba, ba ta kuma tsaya ga ta mata ba, abin da mutane ke kira mata-maza. Gidajenmu kuwa a manne suke, ko tari ka yi sai maƙwabci ya ce maka sannu. Matata ta naɗe jaririn a zani, 'yan barka na shigowa sai ta ce barci yake. In sun fita ta yi ta kuka.

A al'adarmu wanzamin gida yakan zo ya duba jariri kafin suna. Namu ya duba ya ce, "Wannan ƙaramin aiki ne. Mace ce, tsiro ne ya yi yawa. Jibi in zo in yanke, ba wanda zai sani." Na amince nan take. Ba zan yi muku ƙarya ba, ba jaririn nake ji ba, bakin mutane nake gudu.

Mahaifiyata ce ta ƙi. Ta ce sai an tambayi wani malami a wajen Makoda, wanda ake yi wa ba'a da malamin ungozomai. Shekara da shekaru ya yi yana bin ungozomai da wanzamai yana tambayarsu irin wannan haihuwa, yana rubutawa, har asibitin birni yakan je ya zauna da likita. Na ari keke na tafi ina ƙunƙuni.

Da na gama kame-kamena a gabansa, sai ya ce, "To, barka. Allah ya raya." Shi ne mutum na farko da ya san gaskiya kuma ya yi mini barka. Idona ya cika da ƙwalla.

Ya jawo gafaka cike da takardu. "Ɗana," ya ce, "malaman fiƙihu sun yanka wa irin wannan ɗa rabonsa na gado tun ba a haifi kakanka ba. Wanda aka ajiye wa rabo ai ba baƙo ba ne. Na bi labarin waɗanda aka yanka da waɗanda aka bari. Akwai waɗanda jini ya tafi da su, akwai waɗanda suka girma aka gane wanzami ya yi kuskure. Ku raɗa suna bisa abin da ya fi rinjaye, ku jira balaga. Suna ana sakewa, abin da aska ta ɗauka kuwa ba ya dawowa."

Ranar da wanzami ya zo, a zaure na tare shi, na durƙusa, don sa'an mahaifina ne.

"Baba, a yi haƙuri. Yau ba za a buɗe zabira ba."

"Kai yaro, ni fa na yi maka kaciya."

"Na sani, Baba. Ban manta ba."

Ya tafi yana faɗa, sai da ya shekara bai amsa gaisuwata ba.

Sunan mace muka raɗa. Da shekarun balaga suka zo, murya ta buɗe, gemu ya fara tsirowa. Wata rana muna sussukar gero, sai ɗan nawa ya dube ni ya ce, "Baba, ni fa ba mace ba ce." Lokacin malam ya rasu, amma ɗalibansa sun kwafi takardunsa. Ɗaya daga cikinsu ya raka mu wurin likita, ya raka mu wurin liman, aka sake suna. Garin ya yi surutu damina guda, sannan ya sami wani zancen.

Har yau ina mamakin yadda mutumin da ake yi wa dariya ya zauna yana tara ilimin da ba wanda ya sa shi, ga shi ya tsare mini ɗa. Ina ƙaunar malamin nan kamar uba, ko da yake sau ɗaya na taɓa ganinsa.

Ɗan nawa yanzu shi ma ya yi furfura. Kwanakin baya na kasa haƙuri, na gaya masa cewa saura kwana biyu in miƙa shi ga aska don tsoron surutu, na roƙe shi gafara. Ya yi dariya da wannan babbar muryar tasa, ya kama hannuna.

"Baba," ya ce, "ai ba ka miƙa ba."