Alma 'yar Jibo

Jibo Gambo na Wad Haddad mai tsinkar auduga ne kamar kowa, sai dai ya taɓa yin wata huɗu yana miƙa wa wani makanike ɗan Italiya sifana a Sinnar, a 1958. Tun daga nan garin bai huta ba.

Da matarsa Kulu ta haifi mace, aka sa mata Ma'u, sunan mahaifiyarsa. To, wa ya isa ya kama sunan uwarsa da baki? Dole a nemi laƙabi. Kowa a nan Iya yake cewa, a wuce wurin. Jibo ya ce shi wallahi ya fi ƙarfin haka, Iya goma sha ɗaya ke unguwar. Tasa Alma ce.

"Al mi?" in ji Kulu.

Ya gyara zama. "Latin ne, tsohon harshen Rumawa. Hawajan nan, Baturen makanike, ya ce ma'anarsa mai ciyarwa. A Sifaniya kuma rai ke nan."

"Larabawan nan ruwa za su ji, haka suke kiransa," in ji Malam Abdussalami liman.

"Ka gani? Harshe ukku!"

Shekara goma sha bakwai bawan Allah yana wannan karatu, a bakin tur'ar ban-ruwa, a gona, har a gidan makoki. Shi da kansa yakan yi wa kansa dariya, wai mutumin da ko sunansa da dangwale yake sa hannu, ga shi malamin Latin. Amma abin na cinsa a rai. Abu ɗaya ya kawo daga duniya ya ba 'yarsa, yana son ta riƙe. Ita kuwa takan amsa a gabansa don ladabi, tana fita ƙofa ta koma Iya.

Ranar da aka kai ta ɗakin mijinta a Damazin, lori ya tashi, mata cike a baya suna guɗa. Sai a lokacin Jibo ya tuna bai sa mata albarka ba, yana can yana yi wa dangin ango bayanin Sifaniya. Ya bi ƙurar da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Alma! Alma!"

Ko motsi. Lori na shan kwanar gada. Tsoro ya kama shi, ya ƙwala kira.

"Iya!"

Mata huɗu suka waiwayo. Ɗaya tasa ce, tana kuka, tana ɗaga masa hannu.