Ranar da Aka Buɗe Injin Baba Juye

Abokan tuƙinsa na tasha ne suka laƙaba masa Baba Juye, kuma ba su zalunce shi ba. Direban tasi ne tun yana da baƙin gashi har furfura ta cinye kansa, da mota ɗaya tal, wata shuɗiya wadda ta girmi 'yarsa ta ƙarshe, Auta. In aka neme shi a layi aka rasa, ba a wahalar da kai, yana gareji ana yi wa shuɗiyar juyen baƙin mai.

Littafin da kamfani ya haɗo da motar ya faɗi tafiyar da za ta yi kafin a canza mai. Baba bai taɓa bari ta kusanci wurin ba. Man birki, wanda direbobi ba sa tunawa da shi sai birki ya yi laushi a ƙafa, shi zubarwa yake a sa sabo tun bai yi duhu ba. Haka man giya, haka ruwan lagireto. Abokansa sukan tsaya a bakin rami suna yi masa tsiya.

"Baba Juye, wannan man da ka zubar ai ko hanya bai gama sani ba. Ba mu mu zuba a tamu."

Kada ka ɗauka duk wasa ne, akwai wanda ya riƙa zuwa da galan.

Da Auta ta iya karatu, sai ta ɗauko littafin daga aljihun mota don ta kama mahaifinta da laifi. "Baba, sun ce da saura fa."

"Ba ƙarya suka yi ba, 'yar nan," in ji shi. "Doguwar hanya mai santsi suka yi wa lissafi. Ni kuwa wuni nake cikin cunkoso, inji na ci, mota na tsaye. Agogon tafiya ba ya ƙirga tsayuwa, amma man ya san wutar da ya sha."

Ta ci gaba da buɗe shafi tana neman hujja, sai ga wani guri can baya da aka ce duk motar da ke aikin haya cikin zafi da cunkoso, a yi mata juye da wuri. Baba ya yi ta dariya har da buga sitiyari. "Ashe sun san da ni!"

Shekaru suka ja. Auta ta zama malamar makaranta, ta yi aure a layin bayansu. Sannan ƙodar Baba ta gaza. Ya ajiye tuƙi, ya miƙa mata makulli, ita ke kai shi asibiti sau biyu a mako a yi masa wankin jini. Ɗaki ne mai sanyi da kujeru a jere, kowa da injinsa a gefe. A soka masa allura a hannun hagu, jini ya fita ta wannan roba ya dawo ta waccan, a shafe rabin yini. Yakan fito kamar tsumman da aka matse.

Sai ya fara zamewa. Yau ya ce ya ji dama-dama, a bari sai wani makon. Gobe ya ce jiri yake ji. Likita bai ɓoye wa Auta komai ba, ya ce in ya ci gaba da tsallakewa, ba zai daɗe ba. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, numfashi ya fara yi masa wuya in ya kwanta. Ta yi lallashi, ta yi fushi, ta turo masa yayyenta ta waya, duk a banza.

"Na gaji, Auta," ya ce mata. "Kullum wanki, kullum wanki. Abin da ake wankewa ban gan shi ba, ban kuma ga ya fita ba."

Ta shiga kicin ta yi kukanta. Tsoro ya kama ta sosai, don ta san mahaifinta, in ya kafe ba ya motsi.

Wata safiya, ranar asibiti ce kuma ya riga ya ce ba za shi ba, ta fito ta ga ɗigon mai a ƙarƙashin shuɗiyar. Mutumin da ya ce ba ya iya kaiwa ƙofar gida, jin an ce motarsa na yoyo sai ga shi da sanda da silifa, wai a tafi gareji tare. Cikin haushi ta ja motar har suka isa.

Bakaniken ɗa ne ga tsohon bakaniken Baba, shi ma ya fara furfura. Ya leƙa ya shafa, ya ce robar da ke ƙarƙashin murfin da aka ɗaure kan injin da notuna ce ta bushe don tsufa, dole a buɗe. A duk rayuwar motar ba a taɓa ɗaga wannan murfi ba, don ba ta taɓa ba da dalili ba.

"Baba, ka daure fa," ya ce yana kwance notuna. "Mota mai waɗannan shekaru, cikinta kwalta ne. Da cokali muke kwasa."

Ya ɗaga murfin. Ya ajiye shi a hankali a kan benci, ya goge hannu a riga, ya sake leƙawa.

Auta ta matso tana jiran ganin baƙi. Ƙarfe ta gani tas, yana ƙyalli, da wani siririn mai launin zuma kwance a kansa. Babu dauɗa ko ta ɗan yatsa, babu tsatsa, har ƙananan lambobin da kamfani ya buga a jikin ƙarfen suna karantuwa. A waje fenti ya koɗe, kujeru sun sha faci, ƙofar baya sai an ɗaga ta take rufuwa. Amma nan ciki, inda ba mai gani, kamar jiya aka ƙera ta.

"Kai, ku zo ku ga ikon Allah!" bakanike ya ƙwala. Mai walda ya kashe wutarsa ya zo, mai faci ya bar tayarsa a ruwa. Wani direba da ya kawo gyara ya ce ƙarya ne, an sauya inji. Aka nuna masa notunan da ba a taɓa kwancewa ba sai yau, ya riƙe baki. Manyan maza suka zagaye tsohuwar tasi suna magana ƙasa-ƙasa.

Auta ta kama Baba ta tayar da shi daga benci. Ya dafa motar ya sunkuya, ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsa ya taɓa ƙarfen, ya murza man, ya duba.

"Ashe haka cikinta yake," ya ce. "Ban taɓa gani ba."

Nan abin da ke cin Auta ya fito, a gaban kowa. "Baba, ba ka taɓa gani ba, amma ko sau ɗaya ba ka tsallake mata juye ba. An yi maka dariya ba ka fasa ba. Ƙarfe ka yi wa wannan. Ni kuma ka ce in zauna in zuba maka ido kana kumbura?"

Mai faci ya sunkuyar da kai ya koma ga tayarsa. Baba bai dube ta ba, idonsa na kan injin. Can ya juya ga bakanike.

"Ɗana, rufewar za ta ɗauki lokaci?"

"A'a Baba, ga sabuwar robar a hannu."

"To yi maza. In rana ta ɗaga, kujerun asibitin cika suke yi."

Auta ta tayar da mota, hawaye na hana ta ganin madubi sosai. Ba su kai ƙarshen layin gareji ba ta ga Baba a gefenta yana naɗe hannun rigarsa na hagu.