Ba Ladan Ne Ya Kai Garmaho Gidan Kofi Ba

Watan Rajab ɗin nan shekara talatin ke nan da muka kai yayana Malam Isuhu makwancinsa a unguwar Ajame ta Abijan. Waɗanda suka ɗauki makarar tare da ni duk sun bi shi, saura ni kaɗai. Ni Ma'azu ne, mahauci. Karatuna bai wuce izu biyar da ɗan bokon yaƙi da jahilci ba, don haka mai karatu ya yi haƙuri da alƙalamina. Na daɗe ina riƙe da wata magana, yanzu kuma riƙon ya fara cutar da wanda ba a ma haifa ba lokacin da abin ya faru.

Ga abin da ya tayar da ni. Ladanin ƙaramin masallacinmu na zango ya tsufa, muryarsa ta tafi. Aka kawo sunan Sani, jikan Malam Isuhu, magidanci mai 'ya'ya uku, wanda ba a taɓa jin sa da abin kunya ba. Sai wani dattijo ya gyara rawani ya ce, "Wane Sani? Jikan Ladan Bal?" Aka yi dariya, aka ajiye maganar. Bal, ga wanda bai san Abijan ba, ita ce rawar gidan giya. Ina zaune a wurin, ban ce uffan ba, kamar yadda na saba. Da na koma gida na kasa cin abinci.

Mun zo Abijan daga ƙasar Madawa tun ana tsallaka ruwa zuwa unguwar Tireshbil ta kan gadar nan mai lilo a bisa ruwa. Yaya ne ya fara zuwa, ya aiko aka kawo ni, ya danƙa mini wuƙa. Shi yana kai nama jiragen ruwa a tasharsu da ake kira waf, ni ina da teburi a kasuwar Tireshbil. Da asuba shi ke kiran salla. Ba lasifika a lokacin, sai ƙirji da maƙogwaro, amma masu jiran shanu a tashar jirgin ƙasa suna jin sa sarai.

A waf ya haɗu da abin da ya zame masa so. Wani kukun jirgi ya kunna masa faifan kiɗan baƙaƙen Amirka, wanda ake kira jaz. Yaya ya ce tsayawa ya yi da cinyar saniya a kafaɗa har faifan ya ƙare. Bai yi wata uku ba ya samu garmaho, akwatin da ke juya faifai, ya sa baduku ya lulluɓe akwatin da jar fata irin ta garinmu. Fayafai kuwa ɗaya bayan ɗaya yake tara su daga hannun ma'aikatan jirgi. Ba ya karanta rubutun da ke kansu, sai ya raɗa musu suna da kansa. Akwai Gardamar Kasuwa, inda ƙahoni uku ke magana lokaci guda ba mai saurara wa wani. Akwai Bijimi Ya Ƙi Jirgi. Wanda ya fi so shi ne Mai Dogon Numfashi: mai busa ɗaya ne, yana jan sauti a hankali kamar ba zai sauke ba. Yaya yakan ɗaga yatsa ya ce, "Ji nan, Ma'azu. Ji inda ya ɓoye numfashinsa. Wannan bawan Allah ya san ciwon ƙirji."

Dattawan zango ba su ji daɗin abin ba. Liman ya kira shi, suka yi magana ta manya, aka tsaya a kan sharaɗi guda: abin da mutum yake yi a ɗakinsa tsakaninsa da Ubangijinsa ne, amma kada sautin ya ƙetare zaure. Yaya ya karɓa, kuma sharaɗin bai yi masa nauyi ba, domin shi dama ba ya sa wa faifai allurar ƙarfe mai tayar da ƙara. Ƙayar aduwa yake sawa. Masu rako shanu daga arewa su ke kawo masa ita cikin ɗan gwangwani, ya shanya, ya feƙe bakinta da aska. Ƙaya ɗaya, fuskar faifai ɗaya, sai a sake feƙewa. Ba ya ɗora garmahon a teburi, wai katako yana rawa yana ƙara nasa surutu. A kan kifaffen turmi yake ɗora shi. Tsakanin azahar da la'asar zai tura ƙofa, ya wana akwatin, mu zauna kusa kamar masu jin asiri.

Ni sautin bai ishe ni ba. Nakan ce, "Yaya, wannan ai kamar mutum ne yake magana cikin bargo." Shi kuma ya ce, "Ƙarfe ihu yake yi, ƙaya magana take yi. Kuma ƙarfe cin faifai yake, ƙaya ita ake ci. Kai da ke sana'ar wuƙa ya kamata ka san wanda ake so ya ƙare tsakanin wuƙa da dutsen wasa ta." Mun yi wannan gardama ta fi sau ɗari, ban taɓa cin sa ba, ban taɓa sallamawa ba.

Sai yaƙin Turawa ya zo, jirage suka ɗauke ƙafa. Ba sabon faifai, ba allura, ba kayan gyara. Masu garmaho a gari suka koma kallon akwatunansu, na Yaya kuwa yana ta aiki, tun da aduwa ba ta san ana yaƙi ba.

A Tireshbil akwai wani mutumin ƙasar Gwalkwas, Kofi, mai gidan rawa kusa da bakin ruwa. A wurina yake sayen nama. Garmahonsa ya karye, gidansa ya yi sanyi. Kullum sai ya tsokane ni: "Abokina, an ce akwatin ɗan'uwanka mura yake yi. An ce sai an sa kunne a bakinsa kamar mai jin wasiyya." Masu teburin kusa su yi ta dariya. Ba kuɗi ya ba ni ba, kada wani ya nema mini wannan uzurin. Girman kai ne kawai. So nake Tireshbil ta ji abin da muke da shi a ɗaka, ta san ni ma wani ne.

Wata Lahadi Yaya ya tafi garin Basam gaisuwar mutuwa. Na shiga ɗakinsa, na naɗe garmahon da fayafai huɗu cikin buhun da nake rufe nama, na ɗora a ka, na tsallaka gada da rana tsaka. Kofi ya fito da allurar ƙarfe guda ɗaya da ta rage masa, wadda ta riga ta sha aiki. Na ɗaura ta. Wallahi da sautin ya tashi, har masu kwalekwale sai da suka tsaya. Mutane suka cika filin. Da na sa Mai Dogon Numfashi suka ƙi a canza, a sake, a sake. Ni kuwa ina wanawa ina washe baki kamar ni na busa.

Cikin taron na hango wani ɗan zangonmu, mai sayar da goro, da kofi a hannunsa wanda ba na shayi ba ne. Ya gan ni, na gan shi. Kowa ya kau da kai.

Kafin magariba na mayar da komai inda yake. Kwana biyu labari ya cika Ajame: an ga jan akwatin ladan a gidan giya, mata da maza suna rawa a kansa, ladan ya ba da aronsa. Mai goron ne ya kai maganar, ya ce ta saman shinge ya hango yana wucewa. Shingen gidan Kofi ya fi tsayin mutum biyu, amma ba wanda ya tambaya. Sunana bai fito daga bakinsa ba, domin ya san nasa yana cikin nawa bakin.

Yaya ya jira sai da azahar ta wuce. Ya tura ƙofa, ya feƙe ƙaya, ya ɗora Mai Dogon Numfashi. Sai ga wani shuuu kamar ana soya mai, mai busan yana can ƙasa kamar wanda ya faɗa rijiya. Ya ɗaga faifan ya duba a hasken taga. Layukan da suke baƙi wuluk sun koma toka-toka. Ya shafa da yatsa, ya dubi yatsan.

"Sau nawa ka juya shi da allura ɗaya?"

Na ce, "Bakwai, Yaya."

"Bakwai. Ko jaki ana sauke masa kaya ya sha ruwa, Ma'azu."

Iyakar faɗan da ya yi mini ke nan, har ya bar duniya.

Washegari aka tara mu a zauren Sarkin Zango. Liman ya tambaye shi ko akwatinsa ne. Ya ce nasa ne. Aka ce wa ya kai? Ya ce, "Abin da ya fita daga ɗakina, ni ke da alhakinsa." Na san abin da ya sa. Mahaucin da aka gani a gidan giya, ba Musulmin da zai ƙara cin yankansa. Da ya ambaci sunana, da wuƙata ta mutu a ranar, ga ni da mata da jariri. Ina zaune a bayansa, gwiwata tana taɓa rigarsa. Kalma uku ta isa: ni ne, Liman. Na dubi tabarma na ƙirga zarenta.

Aka ba shi zaɓi: ya fasa akwatin da fayafan a ƙofar masallaci ya ci gaba da ladanci, ko ya riƙe su ya sauka. Ya ce, "Allah gafarta Malam, akwati ba shi da ƙafa. Ba zan fasa abin da bai yi laifi ba don a ce na tuba daga abin da ban aikata ba." Ya tashi ya sa takalmansa. Daga ranar bai ƙara kiran salla ba, amma bai taɓa rasa sahun farko ba, yana tsaye a bayan wanda aka ba wurinsa. Yara suna binsa da Ladan Bal, manya suna yi a ciki-ciki. Shekara huɗu ya yi a haka, ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ya tafi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Abijan ta yau. Kowane shago da rediyo mai kaset, kowa ya ƙure murya, ba mai jin na wani. Ina jin da ya toshe kunne ya ce duk garin ya koma allurar ƙarfe. Masallacin da aka sauke shi saboda wai sauti ya ƙetare zaure, yau lasifika huɗu ne a kansa, ɗaya ma a fashe take, tana kurma ihu har ba a rarrabe kalmomin shahada. Da yana nan da ya hau da kansa ya kwance ta. Kuma 'ya'yan waɗanda suka yi masa dariya su ne ke hayar manyan akwatunan kiɗa ranar suna, su tare titi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ban zo yin fatawa ba. Hukuncin kiɗa malamai suka sani, ni nama na sani. Wanda ya ce bai dace ladan ya saurari jaz ba, ga malamai nan, ya je su yi. Amma ba a kan haka aka sauke Malam Isuhu ba. An yi sharaɗi da shi, ya riƙe sharaɗin shekara da shekaru da ƙayar aduwa, ba maƙwabcin da ya taɓa jin ko ƙyas. An sauke shi a kan gidan Kofi, kuma ƙafarsa ba ta taɓa taka gidan Kofi ba. Duk wanda ya ƙara faɗin haka daga yau, ƙarya yake yi da saninsa.

Kafin in kai wannan takarda gidan jarida na je wurin 'yarsa Rabi, uwar Sani. Tun da matata ta rasu ita ke aiko mini da tuwo kowace Juma'a. Na zauna a tsakar gidanta na faɗa mata komai. Ta dube ni ta ce, "Baffa, da bakin nan kake cin tuwona?" Ta shiga ɗaki ta saki labule. Juma'a biyu ke nan kwano bai zo ba. Daidai ne. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, nawa ruwan ma ya yi jinkiri. Ban rubuta wannan don a je a ba ta haƙuri ba, kada kowa ya je.

Garmahon ya lalace tuntuni, fayafan sun farfashe a ƙaura daga gida zuwa gida. Bai bar gida ba, bai bar shanu ba. Abin da ya bari shi ne mahauci ɗaya da ya ci abinci da wuƙarsa har tsufa a kan sunan wani, da jika mai irin ƙirjinsa. Na farkon bai cancanta ba. Na biyun bai ci bashin kowa ba.

Saboda haka, dattawan zango, ranar Juma'a mai zuwa bayan an sallame zan tashi tsaye a ƙofar masallaci, da sandata, in maimaita abin da ke cikin takardar nan da bakina, saboda waɗanda ba su karatu. Mai son tofa mini yawu ya zo da wuri ya samu gaba. In kun gama da ni, ku kira Sani ku ji muryarsa. In ba ta yi muku ba, ku ƙi shi a kan muryar.

Allah Ya jiƙan Malam Isuhu, Ya sa kiran da ya yi shekara goma sha ɗaya ya tsaya masa. Ni kuma ku bar ni da Ubangijina.